Labarin Darbejiya, Baƙuwar da Ta Zaune a Gonakin Rimin Gado

Wanda duk ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano, ya iso ƙasar Rimin Gado da rani, abin da zai fara cika masa ido shi ne koren darbejiya, a bakin hanya, da kasuwa, da ƙofar gida, har da tsakiyar gonaki. Yaro ya gan ta sai ya zaci tun fil'azal tana nan. Alhali kuwa baƙuwa ce, ba ta ko cika shekara ɗari a ƙasar nan ba. Tun da yake ma'aikatan En'e na cikin waɗanda suka yi mata masauki, ya kamata magadansu su san labarinta, su kuma san yadda masu gonaki ke dubanta.

Asalin wannan itaciya ƙasar Indiya ne da Bama. A cikin shekarar 1928 aka soma dasa ta a lardin Barno, ta kama, daga can ta bazu cikin sauran lardunan Arewa. Waɗansu na ce mata dogon yaro, waɗansu maina, waɗansu bedi. Abin da ya sa ma'aikatan daji suka ƙaunace ta a fili yake: tana da saurin girma, tana jure fari, in an sare ta sai ta sake tofowa, ba ta kuwa rasa ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Saboda haka aka yi ta renonta, ana dasawa a bakin hanyoyi da kasuwanni da makarantu. Bayan farin 1972 zuwa 1974 aka ƙara himma wajen dasa ta don tare iska da hamada.

To, amma ita ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba. Jemagu da tsuntsaye kan sha 'ya'yanta, su tafi su sauka bisa wata itaciya, su zubar da ƙwallon. Da damina ta faɗi sai ka ga 'yan darbejiya sun tsiro a gindin tsamiya, ko kuka, ko cikin shinge, ba wanda ya shuka su. Ta haka ta shiga gonaki.

Gonakin kewayen Kano kuwa ba daji ba ne. Mutane sun yi yawa, kowace gona da mai ita, ana noma ta kowace shekara da taki, kowace itaciya kuma an bar ta ne don wani dalili. Ɗorawa na ba da kalwa ta daddawa, kuka na ba da miya, kanya da ɗinya na ba da 'ya'ya. Gawo kuwa ya fi su duka daɗin zama da manomi, don da damina yake zubar da ganye, ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ciyar da dabbobi, su bar taki a gindinsa.

Da wannan ma'auni ne mai gona ke auna baƙuwar. Ba ya ƙin ta, gama daga gare ta yake samun itacen girki, da na rufin ɗaki, da inuwa, da ganyen da akan dafa don zazzaɓi, ko a sa cikin hatsi don korar ƙwari. In buƙata ta taso ya sassabe rassanta ya sayar. Amma ya san aibinta. Da damina tana nan da ganyenta, inuwarta na danne shuka, saiwoyinta na rabon ruwa da dawa, ba ta kuwa ba da abin da za a sa a tukunya. Watau a bakin gona abokiya ce, a tsakiyar gona kishiya.

Masu bincike da suka gwada hotunan sama na dā da na baya sun tarar itatuwan gonakin kewayen Kano ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi, sai dai darbejiya ta rinjaya, na gargajiya kuwa suna ja da baya. Ba ita kaɗai ke da laifi ba, akwai fari da gatari da awaki masu cinye tsiro. Duk da haka, a nan lissafin ofis da na manomi ke rabuwa. Ofis na ƙidaya itatuwa, ya ga an ci riba. Tsohuwa mai daddawa kuwa kalwa take nema, ta ga an yi hasara. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Akwai kuma wani hatsari. Wajen 1990 wata cuta ta kama darbejiya a ƙasar Nijar, aka gan ta har a Arewacin Nijeriya, ganye na zubewa, rassa na bushewa. Ƙasar da ta jingina da itaciya guda, ran da cuta ta same ta, ina inuwa, ina makamashi?

Saboda haka, ya ku ma'aikata, magabatanku ba su yi kuskure ba da suka yi mata masauki, sun ba ƙasa inuwa lokacin da take nema. Abin da ya rage gare ku shi ne, in za a raba dashe, a fara tambayar mai gona abin da ya rasa, a haɗa da gawo da ɗorawa da tsamiya, a kuma taimake shi tsare su daga awaki. Garin da ya ci sunan rimi bai kamata jikokinsa su tashi ba su san kowace itaciya ba sai darbejiya. Allah ya sa mu gane, amin.