Wa Ke Rubuta Jerin Miyagun Ƙwayoyi? Waiwaye Kan Dokokin Jihohin Amurka

Duk sanda maganar shaye-shaye ta taso a nan, kalmar da muka fi maimaitawa ita ce "a haramta". To amma doka ba ta san wani abu wai shi "ƙwaya" a dunƙule ba. Abin da ta sani shi ne jeri: an rubuta sunan wannan magani a rukuni kaza, wancan a rukuni kaza, wani kuma ba a rubuta shi ba sam. Matsayin magani a jerin shi ke nuna ko a saye shi a kemis kamar fanadol, ko sai da takardar likita, ko kuma a ɗaure mutum shekaru saboda an same shi a aljihunsa. Maƙalar wannan mako za ta leƙa Amurka, ƙasar da jihohinta suka shafe kusan shekara 150 suna rubuta irin wannan jeri suna gogewa.

A tsarin mulkinsu, lafiyar jama'a da hukunta yawancin laifuka aikin jihohi ne, shi ya sa daga ƙasa aka faro. A 1875 birnin San Faransisko ya hana gidajen da ake taruwa ana zuƙar ofiyom. Mu lura da abin da aka hana. A lokacin ana sayar da ofiyom ɗin a kantunan magani cikin ruwan maganin tari da na ciwo, Turawa na saye ba mai tambayarsu. Zuƙawa a lofe kuwa al'adar leburori 'yan ƙasar Sin ce, waɗanda ake ƙorafin suna ƙwace wa Turawa aiki. Sinadarin ɗaya ne, mai shan ne ya bambanta. Jihar Kalifoniya ta biyo baya a 1907, ta ce ba a sayar da ofiyom da mofin da hodar iblis sai da takardar likita, a 1913 ta ƙara da tabar wiwi.

Gwamnatin tarayya ta makara, kuma da ta zo ta bayan gida ta shigo. Da yake ana shakkar ko tana da hurumin haramtawa kai tsaye, dokar Harrison ta 1914 dokar haraji ce: duk mai hulɗa da waɗannan magunguna ya yi rajista, ya biya, ya ajiye lissafi. Haka ma dokar wiwi ta 1937. A tsakanin nan, shugaban hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta tarayya, Harry Anslinger, ya yi ta matsa wa jihohi su karɓi wani samfurin doka da aka tsara a 1932 domin dokokinsu su yi kama da juna. A 1969 Kotun Ƙoli ta rusa ginshiƙin dokar wiwin a shari'ar Timothy Leary, bisa hujjar cewa yin rajistar tamkar tilasta wa mutum ne ya tona wa kansa asiri.

Wannan giɓi ne ya taimaka wajen haifar da tsarin da ake bi har yau. A watan Oktoban 1970 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta kasa magungunan gida biyar. Ma'aunin, a takarda, mai tsabta ne: yaya haɗarin jarabtuwa da abin yake, kuma shin likitoci na da amfani da shi? Rukuni na ɗaya na abin da aka ce yana da haɗari sosai kuma ba shi da amfanin asibiti. Na biyar shi ne mafi sauƙi, a nan ruwan tari mai ɗan kodin ya faɗa. A shekarar dai aka fitar da samfurin da yawancin jihohi suka kwafa, kowace da nata jerin, kuma kowace da ikon ƙarawa ko sauya wa magani rukuni.

Tun ranar farko jerin ya zo da abin mamaki. An sa wiwi a rukuni na ɗaya tare da hirowin, hodar iblis kuwa aka sa ta a na biyu, ƙasa da wiwi ke nan, domin likitoci na amfani da ita wajen kashe zafi a wasu ayyukan hanci da maƙogwaro. Ba muna wanke wiwi ba ne, mun ga abin da take yi wa samari a unguwanninmu. Amma duk wanda ya ce mana lissafin haɗari kaɗai ya tsara wannan jeri, bai karanta shi ba.

Daga nan jihohi suka rarrabu. A 1973 Gwamna Nelson Rockefeller na New York ya kawo dokar da ta wajabta ɗaurin aƙalla shekara 15, har zuwa rai da rai, ga wanda ya sayar da oza biyu na hirowin ko hodar iblis, wato kusan giram 57, ko aka kama shi da oza huɗu. Alƙali ba shi da ta cewa. Gidajen yari suka cika, mafi yawa da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, sai a 2009 aka cire yawancin wannan tilas. A shekarar 1973 ɗin dai jihar Oregon ta mayar da riƙe 'yar wiwi kaɗan laifin tara. Kalifoniya ta halatta ta don magani a 1996, Kolorado da Washinton suka halatta ta ga manya a 2012, alhali a lokacin dokar tarayya ba ta sauya ba.

Inda wannan 'yanci na jihohi ya yi rana shi ne batun tiramadol, wanda ba sai an gabatar mana da shi ba. An amince da shi a Amurka a 1995 da sunan Ultram, aka bar shi a wajen jerin bisa zaton ba ya kama mutum sosai. Jihohin da suka fara ganin ɓarnar, irin su Arkansas da Kentaki da Tenesi, ba su jira Washinton ba, suka sa shi a rukuni na huɗu na dokokinsu. Sai a watan Agustan 2014 tarayya ta bi sahu, shekara 19 bayan shigarsa kasuwa. Haka Oklahoma ta yi a 2004 da sinadarin maganin mura da ake dafa ƙwayar met da shi, ta mayar da shi bayan kanta, sai da katin shaida, kafin majalisar tarayya ta yi tata dokar.

A nan dole zuciyarmu ta dawo gida. Tsarin mulkinmu na 1999 ya sa magunguna da guba cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Kano ko Jigawa na iya rufe shago, su kafa kwamiti, amma ba su da ikon rubuta nasu jerin. Shekaru iyaye da malamai suna kuka kan kodin, ba a hana haɗa ruwan tarin da shigo da shi ba sai a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC ya fito. Mai karatu zai iya cewa: ashe da jihohinmu na da irin ikon Kentaki, da mun huta da wuri. Wataƙila. Amma kafin mu yanke, mu ji abin da ya faru a Luwiziyana.

A watan Mayun 2024 Gwamna Jeff Landry ya sa hannu a dokar da ta jefa mifepristone da misoprostol cikin rukuni na huɗu na jerin "abubuwa masu haɗari" na jihar, rukunin su tiramadol da Valium. Ba wanda ke jarabtuwa da waɗannan magunguna biyu, ba sa bugarwa. Dalilin shi ne ana zubar da ciki da su, kuma jihar ta riga ta haramta zubar da cikin. Wanda aka kama da su ba takardar likita zai iya shan ɗaurin shekara biyar, ban da mai cikin da ta riƙe don kanta. Ra'ayin yawancinmu kan zubar da ciki sananne ne, ba shi muke tattaunawa ba. Matsalar ita ce misoprostol shi ne kuma maganin da ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa da shi, wanda ungozomominmu a asibitocin karkara suka sani sarai, domin ƙwaya ce da ba ta buƙatar firji. Duk gidan da aka taɓa rasa mai jego ta wannan hanya ya san minti nawa ake da shi.

Likitoci sama da 200 na jihar sun rubuta wa mai ƙudurin suna roƙon a janye, ba a janye ba. Da dokar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, asibitoci suka kwashe maganin daga kan keken gaggawa na ɗakin haihuwa suka kulle shi a akwatin da sai an shigar da lambar sirri yake buɗewa, kamar yadda dokar rukuni na huɗu ta tanada. Wasu asibitocin har atisaye suka riƙa yi da agogo a hannu, suna auna tsawon lokacin da ma'aikaciyar jinya za ta ɗauka daga gadon mai naƙuda zuwa akwatin ta dawo. Kafin watan ya ƙare, wasu ma'aikatan lafiya da mata sun kai jihar kotu.