Yadda ake kula da sabon kwikwiyo a Jos

Kwikwiyon da aka raba da uwarsa yakan kwana yana kuka a makon farko, musamman a Jos, inda sanyi ke tsananta a Disamba da Janairu. Yana buƙatar busasshen makwanci mai ɗumi da abinci kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana.

Idan ya cika wata 3, ana yi masa allurar rigakafin haukan kare, sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar.

Cutar na kama mutum ta hanyar cizo, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira.