Ƙuri'ar Yanke Ƙauna a Majalisar Nijar, 1994 zuwa 1996

Mu nan Kano, in aka yi zancen majalisa ta kā da mai mulki, abin da ya kan faɗo mana a rai shi ne yadda wakilan NPN suka tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna cikin Yuni 1981. To, wannan tsigewa ce, sai an jera laifuffuka an kafa masu bincike. Akwai kuwa wata hanya wadda gidajen rediyo ke kira ƙuri'ar yanke ƙauna, ko ta rashin amincewa. A ganina sunan farko ya fi dacewa, gama ba a tuhumar Firayim Minista da wani laifi. Wakilai ne kurum ke cewa sun fid da rai daga gare shi.

Maƙwabtanmu na Nijar daga Faransa suka ɗauko wannan ƙa'ida. Bisa tsarin mulkin Faransa na 1958, sai kashi ɗaya cikin goma na wakilai sun sa hannu ga shawarar, a dakata sa'a 48, sa'an nan a ƙirga waɗanda suka goyi bayanta kaɗai. Wanda ya yi shiru, ko ya ƙi zuwa, gwamnati ya taimaka. A 1962 aka kā da gwamnatin Pompidou ta haka, Janar de Gaulle kuwa ya rushe majalisar, ya ci zaɓe, ya riƙe mutuminsa.

Shugaba Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram, ya so ya bi wannan sawu. A ƙarshen Satumba 1994 Firayim Ministansa, Mahamadou Issoufou, ya yi murabus saboda an rage masa iko, jam'iyyarsa ta PNDS kuma ta haɗa kai da MNSD ta 'yan hamayya. Nan take rinjaye ya kuɓuce wa Shugaba. Ya naɗa Souley Abdoulaye, majalisa ta kā da shi ran 16 ga Oktoba. Sai ya sake naɗa shi, ya rushe majalisar. Amma fa Yamai ba Faris ba ce: da aka yi zaɓe cikin Janairu 1995, 'yan hamayya suka sami kujera 43 daga cikin 83.

Nan ne gardama ta yi tsanani, don tsarin mulkin 1992 ya ce Shugaba shi ke naɗa Firayim Minista daga abin da masu rinjaye suka gabatar, kowane ɓangare kuwa ya fassara wannan yadda ya ga zai fisshe shi. Shugaba ya nemi a ba shi sunaye ya zaɓa. Masu rinjaye suka ce suna ɗaya gare su, watau Hama Amadou. Shugaba ya yi musu dabara, ya ɗauko Amadou Boubacar Cissé, ma'aikacin Bankin Duniya, ɗan MNSD ɗin kanta, yana zaton ba za su kā da nasu ba. Jam'iyya ta kore shi, ran 20 ga Fabrairu majalisa ta yanke ƙauna daga gare shi da ƙuri'a 43 a kan 40. Kashegari aka naɗa Hama Amadou.

Mai karatu ya lura, babu wanda ya taka ƙa'ida a fili cikin duk wannan. Majalisa na da ikon kayarwa, ba ta da na naɗawa. Shugaba na da na naɗawa, amma doka ta hana shi sake rushe majalisa sai shekara ta zagayo. Saboda haka aka zauna zaman doya da manja, ana ja-in-ja kan wanda zai kira taron ministoci da wanda zai naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati, har Shugaba ya riƙa ƙin zama bisa taron. Da shekarar ta cika, aka shiga raɗe-raɗin zai sake rushe majalisa. Bai kai ga yi ba, ran 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya ƙwace mulki, ya tsare Shugaba da Firayim Minista duka biyu.