Fim mai dogon zango na almarar kimiyya: wanne ya dace a kalla?

Almarar kimiyya ita ce ƙagaggen labarin da ake ginawa a kan ilimin zamani: tafiya sararin samaniya, mutum-mutumi mai tunani, ko rayuwar shekaru ɗari masu zuwa. Kafin a kashe kuɗin intanet, ko ɗan'uwa na waje ya turo fim a memori, mu dai abin da muke fara tambaya shi ne: kowane kashi labarinsa daban ne, ko sai an bi tun daga farko?

Ga wanda rezo ke yanke masa, nau'in farko ya fi sauƙi. Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙira a Amurka a 1966, kashi 79 ne, kuma kusan kowanne ana iya kallonsa shi kaɗai. Haka ma The Twilight Zone na 1959, wanda masu jin Faransanci suka sani da La Quatrième Dimension. Black Mirror na Ingila, da ya fara a 2011, shi ma haka yake, amma fa ba na yara ba ne, akwai abin da ba a kallo gaban iyali.

Dark na Jamus kuwa, kashi 26, in ka tsallake ɗaya ka ɓata ke nan.

Don ƙanana, akwai Iwájú, zanen katun na 2024 mai kashi 6, da ke nuna Legas ta gobe. A duba ko akwai fassarar Faransanci kafin a sauke.