Harajin Gida da Ƙananan Hukumomi: Abin da Tarihin Legas Ya Koya Mana



Mu da iyayenmu suka taso a Arewa, harajin da muka sani shi ne na kai da jangali: mai unguwa ya tara, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa hakimi, kuɗin ya sauka a Baitulmalin En'e. A Legas, inda da yawanmu muke zaune yau, ba haka tsarin ya faro ba. Nan a kan gida aka ɗora kuɗin, gwargwadon darajarsa, kuma daga wannan kuɗi ne majalisar gari ta samo tushenta.

Abin ya soma ne da ruwan famfo. A 1908 Gwamna Walter Egerton ya kawo shawarar masu gidaje su biya kuɗin aikin ruwa. Mutanen gari suka ƙi, suka ce Turawa ne za su fi morar ruwan. A wannan shekara Dakta John Randle da Dakta Orisadipe Obasa suka kafa ƙungiyar People's Union domin yaƙar kuɗin. An buɗe madatsar ruwa ta Iju a 1915, an kuma ci gaba da karɓa, amma rigimar ta bar tambaya a bakin jama'a: in mu ne masu biya, wa zai tsaya mana a inda ake kashe kuɗin?

A 1917 aka kafa Majalisar Garin Legas. A 1920 aka yi zaɓe na farko, kujeru 3 kacal, sauran kuma naɗi ne. Sai a 1950 aka buɗe ƙuri'a ga duk baligi, Dakta Ibiyinka Olorun-Nimbe ya zama magajin gari na farko. Shara, magudanar ruwa, kasuwanni da fitilun titi duk suna wuyan majalisa, kuɗin gida kuma na cikin manyan hanyoyin samunta. Don haka kansila ya san in kwata ta cushe, wanda ya biya zai zo ya same shi.

Garambawul na 1976 a zamanin Janar Obasanjo ya sauya komai. An mai da ƙananan hukumomi tsari ɗaya a duk ƙasa, aka kuma ba su kaso daga asusun tarayya. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talaka ya numfasa. Sai dai tun da kuɗin mai ya fara saukowa daga sama, ciyaman ya daina buƙatar aljihun mai gida, ya kuma daina jin tsoron bakinsa.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya bar wa ƙananan hukumomi, su 774, aikin ƙiyasta darajar gidaje domin wannan haraji. Amma a 2001 gwamnatin Legas ta haɗe shi da kuɗin fili da kuɗin gyaran unguwa cikin doka ɗaya mai suna Land Use Charge, jiha ke karɓa ta raba. Da aka ƙara kuɗin a 2018 jama'a suka yi ca, aka sassauta, a 2020 aka sake dokar. Ranar 11 ga Yuli, 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu na tarayya kai tsaye.

Wannan ya shafe mu a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12. Mai gida a cikinmu yana biya da hannunsa, ɗan haya kuma yana biya ta cikin kuɗin haya ko bai ga takardar ba. Saboda haka mu nemi rasit mu adana, mu san kansilan mazaɓarmu da sunansa, mu yi rajistar zaɓe a inda muke kwana. Mutanen 1908 ba su da ƙuri'a ko ɗaya amma sun tambayi inda kuɗinsu zai tafi. Mu da ke da ita, yin shiru bai kamace mu ba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu amana.