Daga Shanun Yumɓu Zuwa Takardar Zane

Mu Hausawa ba mu saba tambayar yaro abin da ke ransa ba. Kunya ta hana, zama da Fulani kuma ya ƙara mana kawaici. Amma iyayenmu da fatauci ya kawo ƙasar nan, tun kafin ƙuri'ar 1961 ta haɗa Mubi da Maiha da Najeriya, suna da hanyarsu. Bayan isha'i akwai tatsuniya: yaro ya ji tsoron Dodo yana jikin kakarsa, ya yi dariyar Gizo, ya tausaya wa marainiya. Yarinyar da aka yi wa faɗa da rana, da yamma sai ka ji tana maimaita wa 'yartsanarta faɗan nan tiryan-tiryan. Uwa mai lura ta ji komai ke nan. Maza kuwa suna bakin rafi, suna gina shanun yumɓu.

Ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram suka kama Mubi, bayan 'yan kwanaki suka shigo Maiha. Wasunmu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola, sansanin Malkohi da Damare ko gidajen dangi. Da muka dawo, sai muka ga ginin yara ya canja: babu shanu, sai bindiga da babur. Yaron da ba ya magana, yana firgita cikin barci, shi ne ya fi kowa iya gina su. Wasu iyaye sukan tattake, su ce mugun wasa ne. Mu dai a ganinmu magana ce yaron yake yi, bakinsa ne bai iya ɗauka ba.

A sansanoni ma'aikatan agaji sukan ba yara takarda da fensir mai launi. A Afrilun 2015 UNICEF ta ce yara dubu 800 rikicin ya raba da gidajensu, ta kuma nuna wa duniya zanen wasunsu. Mutanenmu sun ɗauka sabon abu ne na Turawa. Takardar ce kawai sabuwa.

Masu ƙyamar abin sun manta cewa Annabi (SAW) ya tarar da ƙanen Anas, Abu Umair, cikin damuwa don tsuntsun wasansa ya mutu, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Nana A'isha ma tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, kuma da ya gani dariya ya yi.