Gerald Nye, Sanatan da Ya Ƙi Amurka Ta Shiga Yaƙi

Gerald Prentice Nye (1892-1971) ɗan jam'iyyar Republican ne da ya wakilci jihar North Dakota a majalisar dattawan Amurka daga 1925 zuwa 1945. Ɗan jarida ne a garuruwan manoma kafin gwamnan jihar ya naɗa shi ya gaji kujerar Sanata Edwin Ladd da ya rasu.

Sunansa ya fito ne a 1934, da aka ɗora masa shugabancin kwamitin binciken masana'antun makamai. Kwamitin ya yi zama 93, ya saurari shaidu fiye da 200, har da attajirin banki J.P. Morgan da 'yan gidan du Pont masu ƙera albarushi. An tono ƙazamar ribar da kamfanoni suka kwasa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da toshiyar da dillalan makamai ke bayarwa a ƙasashen waje. Nye ya cancanci yabo a nan, domin ba kowa ke iya titsiye masu kuɗi irin waɗannan a bainar jama'a ba. Sai dai kwamitin bai tabbatar da cewa su ne suka jefa Amurka yaƙi ba. A farkon 1936 Nye ya zargi marigayi Shugaba Woodrow Wilson da ɓoye gaskiya kan shigar Amurka yaƙin, 'yan Democrat, jam'iyyar Wilson, suka harzuƙa, kuɗin kwamitin ya yanke. Duk da haka binciken ya share fagen dokokin 'yan ba-ruwanmu na 1935 zuwa 1937, waɗanda suka hana sayar wa ƙasashen da ke yaƙi makamai.

Babban kuskurensa shi ne ya auna Hitler da mudun 1917, shekarar da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya zama na gaba-gaba a gangamin ƙungiyar America First mai adawa da shigar Amurka yaƙi, ya yaƙi dokar Lend-Lease ta Maris 1941 wadda ta bai wa Ingila aron kayan yaƙi. Dokar ta wuce duk da adawarsa, kuma Kano ta ga tasirinta: jiragen yaƙin Amurka da ake kaiwa Masar kan sauka a filin jirgin Kano, su bi ta Maiduguri zuwa Khartoum. A shekarar ce kuma ya ɗora wa masu fina-finan Hollywood laifin zuga mutane yaƙi, yana jero sunayen Yahudawan cikinsu, abin da ya zubar masa da mutunci.

Ranar 7 ga Disamba 1941 yana taron America First a Pittsburgh labarin harin Japan a Pearl Harbor ya iso. Washegari ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da yaƙi. A zaɓen 1944 John Moses ya kayar da shi, bai sake komawa majalisa ba har rasuwarsa ranar 17 ga Yuli 1971.